Kankana Mai Taga

A can wani zamani an yi wani mutum mai ji da wayonsa. Ya ajiye wata ƙatuwar kankana zai kai wa surukarsa, sai ɓera ya ƙwaƙule mata gefe ɗaya. Mutumin ya juya ramin ƙasa don kada a gani, ya mirgina ta gaba, ya mirgino ta baya ta kan sawunta. Rami na ƙasa. Ya sake, rami na ƙasa.

Ya ce, "Kai, ni ma wayona na ba ni tsoro!"

Da ya isa, ya durƙusa ya gaishe da tsohuwa, ya dire kankana a gabanta, rami na ƙasa.

Ta ce, "Ɗan nan, mirgina ta gindin rumbu." Har ya kai, sai ta ce, "A'a, dawo da ita in sa albarka tukuna."

Ya juyo, sai ga kaza da 'yan tsakinta sun tare hanya. Ya ce a ransa, ai duk hanya hanya ce. Ya zagayo da ita ta bayan turmi, ya tsayar da ita daidai inda ta tashi. Kankana ta dawo gurbinta, amma rami na sama, ya hangame baki yana kallon tsohuwa.

Tsohuwa ta leƙa ciki, ta ce, "Madalla, har taga ka yi mata?"

Mutumin ya sunkuyar da kai, dariyar kansa ta kama shi. Ya ce, "Inna, ɓera ne maginin. Ni dako kawai na yi masa."