Littafin Barcin Kaka

Kaka tana da wani ciwo mai ban mamaki. Da rana ƙafafunta lafiya lau. Amma da zarar ta kwanta, sai ta ji kamar tururuwa na yawo a cikinsu. Dole ta tashi ta yi ta zagaye ɗaki. Barci kuwa sai dai ta ga wasu suna yi.

Likita ta rubuta mata magani, ƙwaya ɗaya kafin kwanciya. Ta kuma ce a sami littafi, kullum a rubuta yadda Kaka ta kwana da yawan ƙwayar da ta sha. Da littafin za ta san ko a ƙara maganin ko a rage.

Jikarta Auta aka ba aikin, don ɗakinsu ɗaya, kuma duk gidan ba mai kyan rubutunta. Auta ta ji daɗi sosai. Har layi ta ja da jan biro.

Wata safiya ta duba katin maganin. Gurbin ƙwaya biyu ta gani wayam, ba ɗaya ba.

"Kaka, biyu kika sha jiya?"

"Ke dai akwai sa ido," in ji Kaka. "Idan ɗaya ta yi aiki, ai biyu sun fi. Rubuta ɗaya. Kada babanki ya ji ya cika mu da faɗa."

Auta ta dubi idanun Kaka, sun yi ja don rashin barci. Tausayi ya kama ta. Ta rubuta ɗaya. Washegari ma haka, har abin ya zama jiki.

Da farko Kaka ta sami barci. Amma bayan 'yan makonni sai abu ya juye. Ƙafafun suka daina jiran dare, tun da yamma suke farawa. Kaka ba ta iya zama ta gama yi wa Auta kitso. Wata rana jiri ya kwashe ta a bakin ƙofa, da kyar ta dafa bango.

Auta ta tsorata, amma ba ta faɗa wa kowa ba. Ai ta riga ta yi wa Kaka alkawarin riƙe sirrin.

Ranar komawa asibiti, Baba ya tafi da su biyun. Likita ta buɗe littafin, ta bi shi layi-layi.

"Rubutu mai kyau," in ji ta. "Ƙwaya ɗaya kullum, amma ciwo sai ƙaruwa yake. Wataƙila ɗayar ta yi kaɗan. Bari mu mai da ita biyu."

Nan take Auta ta fara ƙirge a ranta. A aji ita ce gwanar lissafi. An ce ɗaya, Kaka ta sha biyu. Idan aka ce biyu fa? Huɗu ke nan. Ta tuna ranar jirin nan.

Likita ta ɗauki biro.

"Likita," in ji Auta, "abin da na rubuta ba gaskiya ba ne. Biyu take sha."

Kaka ta sunkuyar da kai.

"Laifina ne," ta ce a hankali. "Ni na sa yarinyar."

Likita ta ajiye biron. Ba ta yi faɗa ba.

"Mama, magani ba sukari ba ne da za a ƙara don shayi ya yi daɗi. Irin wannan, idan ya yi yawa, yakan sa ciwon ya ƙaru. Saura kaɗan garin neman gira mu rasa ido." Ta juyo wurin Auta. "Ni ba na kwana a ɗakinku. Littafin nan shi ne idona."

Ta ce kada a daina maganin lokaci ɗaya, za a rage shi sannu a hankali. Ta kuma tura Kaka gwajin jini.

A hanya Baba ya riƙe hannun Auta.

"Na san tausayi ne ya sa ki," in ji shi. "Amma sirrin da zai cutar da mutum ba a riƙe shi. Da kin faɗa mini tun farko."

"Ka yi haƙuri, Baba. Ba zan ƙara ba."

Sauƙi bai zo rana ɗaya ba, amma ya zo. Wata safiya Kaka ta sa Auta ta karanta mata abin da ta rubuta.

"Ƙwaya ɗaya. Ta yi barci har gari ya waye. Har da minshari."

"Minshari? Ni? Goge wannan."

"A'a, Kaka. Gaskiya kawai ake rubutawa a nan."

Kaka ta yi dariya har da hawaye, ta jawo ta ta zaunar, ta ƙarasa mata kitso.

Tun daga nan Auta ta gane cewa likita ce kaɗai ke ƙara magani ko ta rage. Kuma idan kana son mutum, ba ka ɓoye gaskiyar da za ta warkar da shi.