Atishawa a Filin Harbi

Hantsi ya dubi ludayi, Sufeto Mahaman Idrisa na zaune a ofishinsa a Diffa yana fama da shayin da ya huce, sai aka bugo masa waya daga filin harbi da ke bayan gari, ta wajen gulbi. Bindiga ta fashe a hannun Ba Fannami, shugaban maharban kwarin gulbin Komadugu, har an wuce da shi asibiti. Mai maganar ya ce in Sufeto bai yi sauri ba gawa zai tarar, don maharba sun tasa wani ɗan gudun hijira a gaba.

Sufeto ya san da zaman wannan rana. Tun da aka kafa dokar ta-ɓaci aka karɓe bindigogin maharba, aladun daji suka samu sake, suna shiga gonakin tattasai kamar gadon ubansu. Da kukan manoma ya yi yawa, hukuma ta yarda a mayar wa maharba bindigoginsu, amma sai an gwada hannun kowa a gaban soja. Wanda ya fi iya saiti shi zai jagoranci masu gadin gonaki.

Harsashin kanti kuwa ya zama labari. Sai dai a tsinto tsohon kwanso a sake cika shi da hannu. Mai wannan aiki, da sanin hukuma, wani mutum ne Kolo, wanda ya tsallako gulbi daga Nijeriya shekarar da aka ƙone garinsu.

Kolon nan Sufeto ya tarar zaune a inuwar motar soja, hannuwa ɗaure, riga a yage. Kaftin ɗin da ke kula da filin ya ja Sufeto gefe ya yi masa magana ba kwana-kwana. Baƙo ya cika harsashi, bindiga ta fashe a tsakiyar sojoji, a irin wannan zamani. Umarnin da yake da shi shi ne ya tura mutumin Yamai, babban birnin ƙasa, wajen masu binciken 'yan ta'adda, kuma motar za ta tashi bayan la'asar. Sufeto ya roƙi a ba shi zuwa lokacin, Kaftin ya ɗaga kafaɗa ya ce ya gwada.

Kolo ya ɗago kai ya dubi Sufeto.

"Ranka shi daɗe, 'yan ta'addan nan su suka kashe mini ƙane a gabana. Yau kuma an ce ni nasu ne. In an kai ni Yamai, wa zai gaya wa Rumaisa? 'Yata ce, tana sansanin 'yan gudun hijira na Sayam Forage, ni kaɗai gare ta."

Tausayi ya kama Sufeto, ya kuma san tausayi ba ya tsayar da motar soja. Ya juya wajen maharba.

Wanda ya fi kowa ɗaga murya wani dogo ne mai farin rawani, Lurwanu, mataimakin Ba Fannami. Shi ya ba da labarin safiyar. Ya ce tun farawa harsashin Kolo ke ba mutane ciwon kai. Wani sai an ja kunama sau biyu kafin ya tashi, wani ya ƙi tashi sam. Abin harbin tsohuwar ganga ce da aka zana wa farin da'ira, an kafa ta a jikin tudun yashi. Da layi ya zo kan Ba Fannami, tsoho ya gyara tsayuwa ya harba, sai bindiga ta ce fus, kamar tarin akuya. Fili ya kece da dariya. Tsoho ya ji kunya, ya yi wuf ya cusa na biyu ya sake harbawa, nan take ta tarwatse.

"Wa ya riƙe jakar harsashinsa?" in ji Sufeto.

"Ni mana. Haka al'adarmu take, babba ba ya rataya jakarsa ranar taro."

"Yaushe ka karɓe ta?"

"Yau da safe, a nan filin, daga hannunsa. Kowa ya gani."

Sufeto ya sa aka kawo masa bindigar. Bututunta ya kumbura a tsakiya ya tsage kamar rake. A cikin tsagar akwai guntun tsumman da ake toshe harsashi da shi, ya maƙale. Abin ya fito fili: harbin farko ba shi da ƙarfin da zai fitar da kayansa, sai ya toshe hanya, na biyu ya zo ya rasa mafita.

Ya kai bututun kusa da fuskarsa don ya leƙa. Sai atishawa, wata na bin wata, har hularsa ta karkace.

Sufeto mutumin Damagaram ne. Ya daɗe a Diffa, ya saba da zafinta da kifinta da dokar hana hawa babur, amma hancinsa ya ƙi yin sulhu da tattasai. A kasuwa yakan zagaye layin masu buhuna kamar mai gudun suruka. Maharba suka yi ta danne dariya. Wani ya ce ai da safe ma haka kowa ya yi ta yi bayan harbin tsoho, iska ce ke kwaso ƙurar shanyar tattasai daga bakin gulbi.

Sufeto ya share hawaye ya dubi tutar da ke kan motar soja. Tana kaɗawa ne daga gari zuwa gulbi. Ya tambayi wani soja ko iskar ta sauya tun safe, sojan ya ce ko kaɗan.

Ya ɗauki jakar Ba Fannami ya zagaya bayan mota shi kaɗai, ya zazzage ta. Yawancin harsasan an liƙe bakinsu da ƙaro, ya bushe ya yi ƙyalli. 'Yan kaɗan da ke sama kuwa da kyandir aka liƙe su. Ya sa wuƙa ya farke ɗaya a tafin hannunsa. Albarushin ciki bai kai rabi ba, sauran wurin an cike shi da jan gari. Bai buƙaci kowa ya gaya masa ko garin mene ne ba, hancinsa ya riga ya ba da shaida.

Ya kwashe masu kyandir ɗin ya zuba a aljihu, bai ce wa kowa komai ba. Ya koma wajen Kolo ya tambaye shi, kamar cikin hira, da me yake liƙe bakin harsashi. Kolo ya ce da ƙaro, don kyandir ba ya jure ranar Diffa. Da Sufeto ya tambaye shi me ya sa bai kama aikin gona ba kamar sauran 'yan uwansa, sai ya ce ciwon fuka gare shi, ko kusa da garin tattasai ba ya iya zuwa. Sojan da ya caje shi ya tabbatar da cewa ya samu abin shaƙa na masu fuka a aljihunsa.

A asibiti, Ba Fannami na kwance, hannun dama naɗe da bandeji, yatsu biyu sun tafi. Tsoho ne mai taurin kai, ko nishi ya ƙi yi a gaban baƙo. Ya rantse cewa tun da ya karɓo harsasan daga wajen Kolo jakar ba ta rabu da shi ba, a ƙarƙashin kansa ta kwana.

Matarsa, Ya Meram, tana zaune a kan tabarma tana yi masa fifita. Da ta ji haka sai ta ja tsaki, ta miƙe ta ce za ta raka baƙo.

"Ɗana, kada ka biye masa," ta ce da suka fito baranda. "Kunya yake ji a ce mace ta kafa masa doka. Ni tun ina amarya ban taɓa yarda albarushi ya kwana gidana ba, ga murhu ga jikoki. Kullum wajen Lurwanu ake kai jakar. Jiya ma da hannuna na miƙa masa ita bayan azahar."

"Ya Meram, kin tabbata jiya ne?"

"In ban san jiya ba, me na sani?"

Sufeto ya yi mata godiya. Zuciyarsa ta yi wasai, amma ya san maganar tsohuwa da jan gari ba su isa su kwance igiyar Kolo ba. Lurwanu zai ce ya manta ne, tattasai kuma babu gidan da ba shi a kwarin nan. A bakin ƙofar asibiti ya tsaya wajen mai tebur ya sayi kyandir ɗaya. Cikin mota ya zaɓi harsashi mai kyau daga na Kolo, ya kunna kyandirin ya ɗiga a bakinsa har ya rufe ƙaron.

Ana kiran la'asar ya koma filin. Direban soja har ya fara duba tayoyi. Bayan an yi salla, Sufeto ya tara mutane ya ce kafin a tafi da Kolo yana son a gwada sauran harsasan tsoho a gaban Kaftin, don kowa ya shaida irin aikin da baƙon ya yi. Yana neman maharbin da hannunsa ba ya rawa. Kafin ya rufe baki Lurwanu ya fito, yana gyara rawani.

Sufeto ya miƙa masa na farko, mai ƙaro. Lurwanu ya ɗan dubi bakinsa, ya cusa, ya ɗaga bindiga. Ƙara ta tashi, ganga ta yi tsalle, dalma ta shige tsakiyar farin. Na biyu ma haka, kusan a rami guda. Maharba suka yi ta kirari, har Kaftin ya gyaɗa kai. Gaskiya mutumin ya iya harbi.

Sai Sufeto ya miƙa masa na uku.

Lurwanu ya dubi bakin harsashin, ya ga kyandir, murmushinsa ya ɗauke. Ya waiga dama da hagu, ido duk a kansa, ba halin ya ce a'a. Ya cusa shi a hankali. Kafin ya ɗaga bindigar, sai ya kai hannu ya ja bakin rawaninsa ya rufe hanci da baki, ya kuma ɗan nesanta fuskarsa. Ya ja kunama. Bindiga ta yi ruri kamar na baya, ganga ta sake tsalle. Lurwanu ya tsaya sororo yana kallon abin da ke hannunsa.

"Malam Lurwanu," Sufeto ya ce a hankali, "me ya sa ka rufe hanci?"

"Ƙura ce."

"Harbi biyu ka yi ba ƙura. Sai da ka ga kyandir ta taso?"

Sufeto ya ciro ɗaya daga harsasan aljihunsa, ya farke shi, ya zazzage a kan murfin mota. Jan garin ya watsu a gaban kowa. Ya kau da kai ya yi atishawarsa, wannan karon ba wanda ya yi dariya.

"Ban gaya wa kowa abin da ke cikin masu kyandir ba, har Kaftin. Mutanen nan duk sun ɗauka iska ce. Mutum ɗaya ne a filin nan ya san abin da zai fito, shi ne wanda ya zuba. Kuma Ya Meram ta ce a gidanka jakar ta kwana."

Lurwanu ya durƙusa a yashi. Maganar ta fito masa a gutsure. Ya ce tun yana saurayi yake rataye da jakar tsoho. Ido ya fara gajiya, hannu ya fara rawa, amma tsohon ya ƙi sauka, kuma ya san ko kusa da farin tsoho ya harba shi za a ba jagorancin don girma. Shi ya sa ya buɗe 'yan na sama ya rage albarushin. Ya nemi abin da zai cike gurbin don kada su yi sauƙi a hannu, buhun garin tattasai ne kusa da shi, ƙaro kuma babu a gidan, sai kyandir. Dariya kawai ya so a yi wa tsoho. Wallahi bai taɓa zaton tsumman zai maƙale ba.

"Na ji wannan. Kolo fa? Kai ka fi kowa cewa a tafi da shi."

Lurwanu ya sunkuyar da kai. "Baƙo ne. Na ce ba mai tambaya."

"To, an tambaya." Sufeto ya nuna masa gangar, inda ramukan harbinsa suka taru a cikin farin. "Dubi aikin hannunka. Da ka bar jakar nan yadda aka ba ka ita, da yau kai ne shugaban masu gadi."

Kaftin da kansa ya zaro wuƙa ya yanke igiyar hannun Kolo. Aka sa wa Lurwanu ankwa, aka hau da shi bayan motar 'yan sanda, rawaninsa ya warware yana jan ƙasa. Motar Yamai ta tashi ba kowa a bayanta sai jarkokin ruwa. Daɗi ya cika Sufeto har ya ji ya yafe wa tattasai laifinsa na yau.

Kolo ya miƙe yana murza wuyan hannunsa. Bai dubi kowa ba. Ya taka zuwa inda Lurwanu ya tsaya harbi, ya sunkuya ya tsince kwansunan da suka faɗi, ya hure musu yashi. Da ya ɗago, sai ga wani dattijon maharbi a gabansa, shi ne wanda ya yaga masa riga da safe. Dattijon ya cire hularsa ya cika ta da kwansunan jama'a, ya miƙo ta da hannu biyu, idonsa a ƙasa.

Kolo ya daɗe yana kallon hular, sannan ya karɓa.

"Sai gobe, Baba," ya ce. "Yau Rumaisa na jirana."