Gardama a Rumfar Tela

Ranar da Ma'u ta fara ganin Uwaisu ido da ido, ta riga ta san muryarsa kamar ta ɗan gida. Tun da ya zo daga Rusairis da keken ɗinki da rediyo, ya kafa rumfa jikin dangar gidansu a Hillat Sambo, kusa da Kamlin a ƙasar Sudan, kullum bayan la'asar maza ke cika wurin da gardama. Ita kuwa tana daga ciki tana gasa kisra, gurasar dawa ta mutanen ƙasar, ita kaɗai, tana saurare.

Ran nan mahaifinta, Alhaji Maliki, ya aike ta da rigarsa da ta yage. Ta tarar da telan shi kaɗai, dogo siriri, da zare a baki. Ta yi sallama ta miƙa rigar. Har ta juya sai bakinta ya suɓuce.

"Jiya ka yi kuskure, Malam. Ka ce tun da soja sunka sauka daga mulki talaka ya samu baki. Mu masu cirar auduga, wa yat tambaye mu?"

Uwaisu ya cire zaren daga bakinsa a hankali, ya dube ta.

"Ashe majalisarmu na da wakiliya bayan danga."

"Dangar kara ce. Komi ana ji."

"To wakiliya, mi za mu ce gobe?"

Kunya ta kama ta, ta ja mayafi ta koma gida da sauri. Amma har ta gama aikin ranar murmushi bai bar fuskarta ba.

Ma'u ta daɗe ba ta samu mai tambayarta ra'ayi ba. Mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama. Sa'o'inta duk sun yi aure, wata Madani, wata Sinnar, har da masu goyo. Ita kuwa duk wanda ya zo nema sai Alhaji ya sallame shi da magana ɗaya: ɗiyarsa a Sakkwato za ta yi aure. Shi Alhaji yana yaro ya baro can a bayan iyayensa, a ƙafa, da niyyar Makka, aikin auduga ya riƙe su a nan yankin Jazira. Tun da Najeriya ta samu 'yanci kullum cewa yake baɗi za su koma. Baɗi ta yi ta zuwa tana wucewa, Ma'u tana zaune.

Shekarar ta zaɓe ce, don haka rumfar Uwaisu ba ta huce ba. Wannan ya ce jam'iyyar Umma, wancan ya ce ta Ittihadi. A taɓa yaƙin Kudu, a tsallaka Kongo, a dawo kan kuɗin auduga. Amma inda murya ta fi tashi shi ne maganar zama ko tafiya.

"Mu nemi jinsiyya," in ji Uwaisu. "In muna da takardar zama 'yan ƙasa, mu jefa ƙuri'a, mu samu hawasha, gonar auduga da sunanmu, mu bar noma gonar wani."

"Mu baƙi ne," in ji Alhaji. "Baƙo ba shi shiga rabon gadon masu gida. Ƙasarmu na can, tana hannun 'ya'yanta."

Ma'u kan ji su, zuciyarta ta rabu biyu.

Riguna kuwa suka riƙa yagewa a gidan fiye da da. Gwaggo Dije, ƙanwar Alhaji, ta gane, ta yi dariya, ta ce Ma'u da Uwaisu su riƙa haɗuwa a zaurenta tana jin su.

"Wakiliyata," in ji Uwaisu wata rana, "na zo garin ga ban san kowa ba. Rumfa ta cika da mutane, amma in sun watse sai ni da keke. Tun ranar da kinka yi man gyara, in na yi magana danga nike kallo."

"Shi ya sa kake ƙara murya, Mai Gardama?"

"Don kar kalma ɗaya ta ɓace miki."

Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi. "Ba ta ɓacewa. Har tarinka na sani."

Ana nan sai bakin Uwaisu ya jawo masa. Gardama ta yi zafi wata la'asar, ya ce, "Alhaji, ƙasag ga da kake faɗi, ko an kai ka yau ba ka gane ƙofar gidanku." Mutane suka yi dariya. Alhaji ya tashi, ya kaɗe rigarsa, ya shige gida.

Da Uwaisu ya tura Liman Ladan neman aure, amsar ba ta yi tsawo ba.

"Wanda yam mai da ni abin dariya ba shi zama surukina. Kuma shi ɗauke rumfarsa daga jikin gidana."

Aka ɗauke rumfa zuwa bakin kasuwa. Bayan danga ya yi tsit. La'asar ta yi, Ma'u ta zauna gaban murhu kamar yadda ta saba, ba abin da take ji sai kukan kurciya da ƙarar itace. Wani lokaci ta kan kama kanta tana ba da amsa ga gardamar da ba wanda ya yi.

Sai ga Gado, mai lori, ya fara zuwa gaisuwa. Duk abin da Alhaji ya faɗa, Gado ya ce haka ne. Ya yi alkawarin in aka ba shi Ma'u shi zai kwashe su a motarsa har Sakkwato. Shi ne kuma ya kawo labarin cewa Uwaisu ya rufe rumfa ya tafi Madani neman 'yar Larabawa, don takardarsa ta zama ɗan ƙasa ta fito da wuri.

Ma'u ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta je gona, ta shiga tsakiyar layi inda ba mai ganinta, ta yi mai isarta. Da Gwaggo Dije ta ce mata Uwaisu ya dawo yana son ganinta, ta ce, "Ki ce mai Allah shi sanya alheri."

Washegari Gwaggo ta dawo, ta zauna kusa da ita.

"Ya ce in faɗa miki ba ragi ba ƙari. Ya ce: 'Ki ce ma Wakiliyata na tai Madani ne gaban hukuma, sun ce in kawo shaidar kakan kakana, na dawo hannu wofi. Ƙasar da aka haife ni ba ta san ni ba tukuna. In ita ma ta ce ba ta san ni ba, to ban da kowa.'"

Ma'u ta rufe fuska da mayafi. Can ta ce, "Gwaggo, ki ce mai na san shi. Amma shi san yadda zai yi da zuciyar Baba, don shi yab ɓata ta."

Uwaisu ya je ban haƙuri, Alhaji ya ƙi fitowa. Haka aka ci damina, aka shiga azumi.

Cikin goman ƙarshe, wata la'asar, labari ya iso daga kasuwa: soja sun yi juyin mulki a Najeriya, an kashe manyan Arewa. Alhaji ya zauna a ƙofar gida, tasbaha ta faɗi daga hannunsa bai ɗauka ba. Gado ya zo jaje, ya ce, "To Alhaji, tafiya dai ta mutu. Sai mu yi maganar auren nan gida." Alhaji ya ɗaga kai ya dube shi kawai. Gado bai ƙara dawowa ba.

Kwana ya bi kwana tsohon bai fita ba sai masallaci. Ruwa kaɗai yake sha in an sha ruwa. Ma'u ta rasa yadda za ta yi.

Sai ga sallama a zaure. Ta leƙa ta ga Uwaisu rungume da rediyonsa. Ya tsuguna nesa kaɗan, ya kamo tashar Hausa, ya ajiye gaban Alhaji, ya yi shiru. Da aka gama labarai ya ɗauki abinsa ya tafi. Gobe ya dawo. Jibi ma haka.

Ran nan Alhaji ya ce, "Ba ka ce komi ba, yaro. Ai maganarka ta fito."

"Wace magana, Baba? Ni da anka kora daga ofis a Madani? Kai ƙasarka ta yi nisa, ni tawa ta ƙi ni." Ya matso kusa. "Abin da nic ce ranan nan, ban kyauta ba. Mahaifina har ya rasu a Rusairis yana kwatanta man ƙofar gidansu a Wurno. Ban taɓa yi mai dariya ba. Ka gafarce ni."

Alhaji ya kau da kai. Daga inda take tsaye Ma'u ta ga yana goge ido da hannun riga.

"Akwai durumi ƙofar namu," in ji shi a hankali. "Ko yana nan, Allah masani." Ya yi ajiyar zuciya. "Kar ka zaci na sake ra'ayi. Har gobe mu baƙi ne."

"Har gobe ban yarda ba, Baba."

Dariya ta ƙwace wa tsohon, ta farko tun da labarin ya zo. Ya kira Ma'u. Ta zo ta durƙusa.

"Na tsare ki ina jiran hanya, ɗiyata, har sa'o'inki sun riga ki. Wanga mai taurin kai kike so?"

Ta gyaɗa kai.

"To ka turo Liman bayan Salla."

Da aka gama cirar auduga aka ɗaura aure. Ƙawayen Ma'u suka zo daga Madani da Sinnar da 'ya'yansu a baya, suka yi mata lalle da turaren dukhan, gidan da ya saba da shiru ya cika da guɗa. A waje kuwa, kafin a gama rabon goro, 'yan ɗaurin aure sun kaure da musun ko gwamnatin Hartum za ta kai damina.

Da yamma, kafin a tafi da amarya, Alhaji ya sa aka kawo su gabansa. Ya kama hannun Ma'u ya sa a na Uwaisu.

"Ban san inda 'ya'yanku za su kira gida ba," in ji shi. "Ko nan, ko can. Duk inda yaz zama, Allah shi sa kar ɗayanku shi kwana da kewa alhali ɗayan na raye. Allah shi yi muku albarka, shi ba ku zuri'a ta gari."

"Amin," in ji Uwaisu.

Ma'u ta ce amin a cikin mayafi, ta ƙara riƙe hannun mijinta.