Hoton Ƙirjin Kafinta

"Ja numfashi sosai... riƙe."

Muryar Auta ta bi ta lasifika ta shiga ɗakin sikan, inda Kafinta yake kwance a gadon na'ura, hannuwansa a miƙe bayan kansa. Aikinta ke nan a asibitin, ɗaukar hoton cikin jikin mutane. Na'urar tana da tata muryar da ke ba majiyyaci umarni, amma Auta kullum kashe ta take yi ta yi magana da bakinta, don ta ce tsofaffi ba sa jin maganar ƙarfe.

Yau kuwa ba tsoho ba ne a kwance. Mutumin da za ta aura ne.

Da ƙyar ta jawo shi. Ya daɗe yana tari, muryarsa ta dushe, in ya hau bene sai ƙirjinsa ya riƙa fito. Kowa ya ce garin katako ne ya sa masa asma, mai kantin maganin unguwarsu kuma ya yi ta sayar masa da abin shaƙa, ba sauƙi ko na anini. Ko da safen nan sai da ya tsokane ta a bakin ƙofa, wai in ta leƙa ƙirjin ta ga hoton wata ba ita ba, kada ta fasa na'urar mutane.

Hotunan suka fara sauka a allon kwamfuta, yanki bayan yanki.

Ƙulli a huhun dama. Wani a ƙasansa. Wasu a hagu, manya da ƙanana, a warwatse.

Ta sha ganin irin wannan. Ta san mutanen da suka kwanta a gadon nan da huhu haka, ta kuma san ba su ƙara dawowa ba. Kalmar da take faɗa kullum ba tare da tunani ba ta ɓace mata ɓat. Gadon ya tsaya, na'ura ta yi shiru, shi kuwa bawan Allah yana nan riƙe da numfashi yana jiran ta ce ya saki. Sai da tari ya ƙwace masa ya nannaɗe a kan gadon, sannan ta zabura ta shiga da gudu.

Ya daɗe yana kallonta kafin ya iya magana.

"Me kika gani, Mai Hoto?"

Ta ba shi amsar da ake koya musu, cewa ita ɗauka take yi, likita ce mai karantawa. Ya gyaɗa kai, ya ɗauki rigarsa. Bai ƙara tsokanarta ba har suka rabu.

Dokar aikinsu ta farko ke nan, mai ɗauka ba ya faɗin abin da ya gani. Auta ta riƙe dokar nan a kan ɗaruruwan mutanen da ba ta sani ba, amma a kan nata, ko la'asar ba ta kai ba. Tana shiga gida ta faɗa jikin Mama da kayan aikinta, tana kuka tana cewa ciwon daji ne, ya bazu ko'ina, ta gani da idonta.

Mama ta rungume ta, ta yi kuka tare da ita tsakani da Allah. Sai dai uwa uwa ce. Kafin kwana biyu hawayen ya koma lissafi. Ta zaunar da ita ta ce ita ma a ƙuruciya ta rasa mahaifinsu, ta san ɗacin abin, ba za ta miƙa autarta ga takaba da hannunta ba. Yaya kuwa, wanda dama bai taɓa son ƙanwarsa mai aikin asibiti ta ƙare a gidan mai zarto da guduma ba, ya samu abin da yake nema. Ya kwashi labarin ya kai wa abokinsa, mai kantin maganin nan. Shi kuma mai kantin ya daɗe yana aiko wa Auta gaisuwa tana mayar masa da ita a sanyaye.

Washegari mai kantin ya wanke ƙafa ya tafi shagon Kafinta, wai dubiya. Ya zauna da fuskar tausayi ya gaya masa cewa Auta da bakinta ta ce abin ya gama bazuwa, gidansu kaf ba mai barci, kuma namijin da yake son mace da gaske ba ya jan ta cikin rami.

Daga ranar wayar Kafinta ta daina shiga.

Auta ta kira har yatsanta ya gaji. Ta je ɗakinsa, a kulle. Ta je shago, maƙwabcinsa mai walda ya ce yana zuwa da sassafe ya ƙarasa ayyukan da ya karɓa, amma ya daina karɓar sabo, ko ƙafar kujera aka kawo gyara sai ya tura wa wani. Wannan maganar ta fi komai karya mata zuciya. Abinci ya daina wuce mata, a wurin aiki kuma sai ta tsinci kanta tana kallon allo ba ta ganin komai.

A haka Likita ta aiko a kira ta. Dattijuwa ce mai tabarau a kan karan hanci, ita take karanta duk hotunan sashen, ba ta da wasa kuma ba ta da ɓoye-ɓoye. Hoton Kafinta ne a gabanta. Ta ce ta ji an ce na gida ne, me ya sa bai dawo ba? Auta ta fashe da kuka ta faɗi komai.

Likita ta cire tabarau ta ajiye.

"Wa ya ce miki daji ne?"

Ba ta jira amsa ba, ta jawo mata kujera. Ta nuna mata ƙullin ɗaya bayan ɗaya, ta ƙara haske, sai ga ɗigo-ɗigon fari a cikinsu kamar an barbaɗa alli. Ta nuna mata ƴan ramukan iska masu siririn baki a gefensu. Ta hau sama zuwa bututun numfashi ta ce ta dubi bangon, ya yi kauri ta ko'ina har ta baya, da farin nan a jikinsa, hanyar iska ta tsuke, shi ya sa yake fito, shi ya sa muryar ta dushe. Sannan ta buɗe wani tsohon hoton ƙirji da aka yi masa shekarun baya, lokacin da ya faɗo daga tsani. Ƙulli biyu suna nan a inda suke, da ƙyar suka ƙaru.

Ta ce dajin da ya bazu ba ya zama shekaru yana jiran mutum. Abin da take zargi shi ne amiloid, wani sinadarin furotin da jiki ke sarrafawa ba daidai ba, ya riƙa taruwa a huhu da hanyar iska. A hoto yana kama da daji, har manyan likitoci yana ruɗawa, kuma hoto kaɗai ba ya yanke hukunci. Dole a zura siririn bututu ta maƙogwaro a ɗebo ƴar tsoka a gwada.

"Ke ƙullin kika gani kika rufe ido. Ki kawo min shi. In hanyar nan ta ƙara tsukewa yana zaune a gida, ba sai daji ya kashe shi ba."

Auta ba ta san yadda ta fita daga asibitin ba.

Ta same shi a can ƙuryar shago yana goge murfin wani akwati. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Da ya gan ta sai ya juya baya ya ce ta tafi gida, ya riga ya gaya wa Yaya ya janye.

Ta tsaya a cikin garin katako ta zayyana masa duk abin da Likita ta ce, tana haɗa kalmomi tana tuntuɓe. Ya saurara har ƙarshe. Sannan ya yi wata ƴar dariya mara daɗi, ya ce ya gode da ƙoƙari, amma shi ya ga fuskarta ran nan, fuskarta kuma ba ta taɓa yi masa ƙarya ba. Ba zai kwanta a zura masa ƙarfe a wuya don a gaya masa abin da ya riga ya sani ba.

"Fuskata ba ta yi ƙarya ba, kuskure ta yi," in ji ta. "Ban iya karantawa ba, masoyina. Ɗauka kawai na iya. Na ga abin da nake tsoro, na kwashe shi na kai gida..."

"In kuma ke ce da gaskiya fa?"

"To sai mu ji tare."

Ya girgiza kai. Ya ce yana son ta fiye da yadda zai iya faɗa da wannan muryar, shi ya sa ba zai bari ta yi ƙuruciyarta a bakin gadon asibiti ba. Maganar ta sarƙe shi, tari ya taso, ya dafa teburin aiki yana neman iska, fiton nan yana fita siriri. Auta ta durƙusa a gabansa ta riƙe gwiwoyinsa da hannu biyu.

"Ni na binne ka da bakina tun kana tsaye. Don Allah kada ka taya ni."

Daga baya ya miƙa hannu ya kaɗe mata garin katakon da ya hau mayafinta, ya tambaye ta ko zura bututun da zafi.

Bayan an ɗebo tsokar, kwanakin jiran sakamako sun fi duk na baya tsawo. Mama ta daina yi mata magana sai ta dole. Mai kantin magani ya aiko da kwalin turare ta hannun Yaya, Auta ta mayar wa Yaya a hannunsa, ta ce ya gaya wa abokinsa abin shaƙan da ya yi shekaru yana sayarwa bai taɓa yin aiki ba, turaren ma haka.

Sakamako ya fito amiloid ne. An duba zuciya, an duba ƙoda, bai taɓa su ba, a huhu da hanyar iska ya tsaya. Amma Likita ba ta yi musu daɗin baki ba. Ta ce ba ciwon da ake warkewa a manta ba ne. Za a riƙa shiga ana buɗe hanyar in ta tsuke, za a riƙa hoto ana bibiya, muryar kuma mai yiwuwa ba za ta dawo ba. Shekaru nawa suka rage masa, ba ta sani ba, kamar yadda ba ta san nata ba. Ta kuma kafa wa Auta sharaɗi, ba ita ba ɗaukar hotonsa har abada.

Auta ta kai wa Mama maganar yadda take, ba ta rage ko kalma ba. Mama ta murza bakin zaninta, sannan ta tambaye ta ko za ta iya.

"Ban sani ba, Mama. Amma na gwada rashinsa, shi kam na san ban iya ba."

Mama ta share ido ta ce a kira mata shi. Da ya zo ya durƙusa zai yi gaisuwa, muryar ta ƙi fita sai iska, Mama ta ɗaga masa hannu ta ce ya bari, ta ji. Yaya ya yi ta cika yana batsewa, ba wanda ya kula shi. Aka yi auren ba hayaniya.

Da lokacin hoton bibiya ya zo, Auta ta raka shi har ƙofar ɗakin sikan, abokiyar aikinta ta karɓe shi ta rufe ƙofa. Ta juya ta nemi wuri a bencin masu jira, ta zauna rungume da jakarsa da agogonsa. Wata tsohuwa da ke gefenta ta matsa mata, ta dube ta da tausayi ta tambaye ta wa ta kawo.

"Mijina," in ji Auta.