Suna Na Goma Sha Ɗaya

"Ƙirga su!" na ce, ina dukan allon da tafin hannuna. "Ka ƙirga, Kofur, ko karatun naka ma ya tashi tare da rumbun?"

"Auta, mutane na kallonmu..."

"Su kalla! Sunaye nawa ne a nan?"

Ya sunkuyar da kai. "Goma."

"Mutum nawa suka mutu?"



Goma sha ɗaya ne, kowa ya sani. Kwana goma sha biyu ke nan da rumbun makaman bariki ya tashi da tsakar rana, ƙarar ta farfasa tagogi har cikin kasuwa, ta naɗe kwanon makarantar 'ya'yan sojoji kamar tabarma. Gawa ta ƙarshe da aka zaƙulo ta Yayana ce, da lambar ƙarfen wuyansa aka gane shi.

Yau aka kafa allon tunawa a ƙofar bariki, babu sunansa. Wai ranar ba shi da aiki, wai ba izini ya shiga, wai sigari ya kunna. Yaya! Mutumin da ko hayaƙin gawayi ya shaƙa sai ya wuni yana tari.

Sunan da ke littafin ƙofa ranar kuwa na Kofur ne, wanda saura wata biyu a ɗaura mana aure. Masu gadin rumbu suna da wata ɗabi'a da suke kira musanya: in kana da uzuri, abokinka ya tsaya maka, ya rubuta sunanka da lambarka a littafi, Sajen da ke raba aiki ya kau da kai. Shekara da shekaru ana yi. Ranar Yaya ne ya tsaya wa Kofur.

"Ka san gaskiya," na ce. "Jibi kwamitin bincike zai rufe zama, kai kuma ka ɗinke bakinka. Don kaki? Don igiya biyu a hannun riga?"

"Hasken raina, ba haka ba ne..."

"Kada ka sake kirana da haka!"

Na tafi na bar shi tsaye, raina na tafasa.

A gida na tarar da Saje zaune a kan kujerar Yaya, ya cire hula, yana yi wa Mama magana ƙasa-ƙasa. Tun kafin Kofur ya taɓa cewa yana sona Saje ya nemi aurena na ce a'a, bai haƙura ba. Tun rasuwar kullum sai ya zo gaisuwa, kai ka ce shi aka yi wa mutuwar.

"Mama, ni na rufa wa yaron nan asiri," yake cewa. "Na gaya wa kwamiti ni na aike shi cikin gari, shi ya sa ba ya wurin. Amma mutumin da zai bar bakin aiki abokinsa ya mutu, ina za a ba shi 'ya?"

"Tashi daga kujerar nan," na ce.

"Auta!" Mama ta daka mini tsawa.

"Saje, yaushe ka taɓa ganin Yaya da sigari?"

Ya miƙe yana gyara ɗamara. "Ƙanwata, wanda ya tafi ya tafi. Ki bar manya su rufe maganar cikin mutunci."

"Mutuncin wa? Naka?"

Da ya fita, Mama ta dube ni da jajayen idanu. "Ko ɗana ya yi laifi ko bai yi ba, a madadin wancan yaron ya mutu, zuciyata ta gaya mini. Kada ya sake taka gidan nan. Babu ke babu shi."

"Na ji," na ce. Wallahi a lokacin har zuciyata na faɗa.

Washegari da safe ina shagona na ɗinki, ina taka keke kamar shi ya yi mini laifi, sai inuwarsa ta rufe ƙofa. Ya rame, kakin har lilo yake a jikinsa. Tausayinsa ya so kama ni, na kore shi. Na jawo labulayen da na ɗinka wa ɗakin da za mu zauna, ruwan ganye masu ratsin fari, na watsa masa a ƙirji.

"Ɗauki kayanka, matsoraci!"

Ya tsugunna ya kwashe su, ya kakkaɓe zaren da ya manne musu. A hankali ya ce, "In na yi magana, tambaya ta farko ita ce, ina nake ranar."

"Sai ka faɗa!"

"Ta biyu, wa ya roƙe shi ya tsaya mini."

Ƙafata ta tsaya a kan keken.

"Ban roƙe shi ba, Auta. Kin sani. Na ce miki a bari sai Asabar."

Na sani. Kwana goma sha uku ina danne abin nan, ina zuba wa kowa wutar fushina don kada ta juyo kaina. Ni ce. Ni na tare Yaya yana wanke takalminsa, na yi ta shagwaɓa: Yaya, ka taimaki Autarka, ka tsaya wa Kofur, awon tagogi kawai za mu je mu ga ko labulen ya yi daidai, yau mai gidan yake nan. Ya ja mini hanci ya ce, "Ke da labule! To, ku gaida tagogin." Ya saka takalmin da danshinsa ya fita.

Muna riƙe da tef ɗin awo, ni da Kofur, lokacin da ƙasa ta girgiza.

"Kaki ba komai ba ne a wurina," ya ce. "Mama ta rasa ɗa ɗaya. In ta ji wannan, ina tsoron ta rasa ki ke ma tana kallonki. Gara ta tsane ni."

"Wa ya sa ka?" na yi ihu, hawaye na zuba. "Wa ya ce ka saya mini kwanciyar hankali da sunan Yayana? Ka bar shi a ƙasa da sunan mai kisan mutum goma don kada a yi mini faɗa?"

"Don ina sonki..."

"To wannan son bai yi ba!"

Na rufe shagon da rana tsaka na nufi gida. Mama na tsakar gida tana shanya. Na durƙusa a gabanta na faɗi komai, har da jiƙaƙƙen takalmin.

Ba ta mare ni ba. Da ma ta mara. Rigar da ke hannunta kawai ta ci gaba da matsewa, bayan babu sauran ruwa a jikinta.

"Labule," ta ce. "Ɗana... labule."

"Mama, ki yafe..."

"Rufe mini baki! Kin bar ni ina tsine wa ɗan mutane, kin bar wancan mai zaƙin bakin yana zama mini a kujera?" Ta jefar da rigar cikin bokiti. "Fushina da ke yana nan, ba yau zai tafi ba. Amma gobe da ni za a je."

Zauren kwamitin ƙarami ne, manyan hafsoshi uku a bayan tebur, littafin ƙofa a gabansu. Bai ƙone ba, domin a ɗakin gadi ake ajiye shi, nesa da rumbu. Kofur ya miƙe ya ƙame.

"Ranka ya daɗe, ba wanda ya aike ni. Musanya muka yi. Ba ni na sa hannu ranar ba."

"Ƙarya yake!" in ji Saje. "Babu wata musanya a ƙarƙashina!"

Ban san lokacin da na miƙe ba. "Ranka ya daɗe, a duba rubutun. Yayana bahago ne, rubutunsa baya yake kwanciya, kuma gefen hannunsa na shafe tawada. Shi ya koya mini rubutu, ko a mafarki zan gane shi."

Babban cikinsu ya saka tabarau ya duba. Ya buɗe shafin baya, ya sake buɗe wani. Sunaye daban-daban na mutanen da Yaya ya taɓa tsaya wa, duk a kwance, duk da shafen tawada, kuma a ƙasan kowane shafi ga sa hannun Saje.

"Sigari fa?" ya tambaya.

Mama ta ajiye takardun asibitin Yaya na ciwon ƙirji a kan teburin, da ƙarfin da ya sa kofin ruwa ya yi tsalle. "Shekara talatin ina jinyar tarinsa. Ku nemi abin da ya tashi rumbunku, ku bar mini ɗana."

Sun nema. Tsofaffin akwatunan harsashi ne da aka jibge a ɓangaren da fankar iska ta lalace, an kai wa Saje ƙorafi sau uku yana cewa gobe. Aka tsare shi. Kofur kuma aka sallame shi daga aiki saboda barin bakin gadi. Ya miƙa kakinsa.

Bayan sati uku muka koma ƙofar bariki. Mai fenti ya ƙara layi a ƙasan allon, farinsa ya fi na sauran haske. Kofur na tsaye can nesa cikin farar riga, bai matso ba.

Mama ba ta iya karatu ba, amma ta ƙirga da yatsa. Da ta kai na ƙarshe ta bar yatsan a kai, ta daɗe.

"Kai," ta ce, ba ta juya ba. "Zo nan."

Ya zo ya durƙusa.

"Labulen nan da ɗana ya tsaya muku dominsu, suna ina?"

"Suna wurina, Mama. A ninke."

"A ninke?" Muryarta ta karye, fushin bai karye ba. "Ku je ku rataye su. In na zo na tarar da taga ɗaya a buɗe, daga kai har ita sai kun gane kurenku."

Na kama hannunta. Ba ta riƙe nawa ba, amma ba ta fizge ba.