Hasumiyar da Ɗalibi Ba Ya Hawa

Ranar Lahadi kowace ɗaliba a gidan hayarsu na birnin Ferrara takan tafi cin taliyar mahaifiyarta. Annarita kuwa tata uwar tana can kudu, a Potenza, tafiyar yini guda. Sai ta rataya jaka ta hau jirgin ƙasa zuwa Bologna, ita kaɗai.

Ta shiga coci ta daɗe a gaban wasu mutum-mutumin yumɓu na mata masu kukan makoki. Ta juya za ta ce "dubi wannan," sai ta tuna babu kowa a gefenta. Abin ya sosa mata rai ƙwarai. Ta bi rumfunan titi, ta ci burodi da cuku a tsaye, ta ɗauki hotunan da ba ta san wa za ta tura wa ba.

Ta shiga layin masu hawa doguwar hasumiyar garin ke nan, sai ga murya daga shagon kofi:

"Ke mai jakar littattafai! Kin gama karatu?"

Wani saurayi ne mai hargitsattsen gashi, ma'aikacin shagon.

"Ina ruwanka?"

"Da ruwana mana. Ɗalibin da ya hau ta kafin ya gama, shi da digiri har abada. Fito, don Allah."

Ta fito, ba don ta yarda ba, sai don tun safe shi ne mutum na farko da ya kula ta. Sunansa Loris. Ya ba ta kofi, ya tuɓe rigar aiki, ya zaga gari da ita har lokacin jirgi.

Kafin ta isa Ferrara saƙonsa ya riga ta: "'Yar kudu, na ceto miki digiri. Ladana Lahadi mai zuwa."

Ta mayar masa: "Sarkin tsoro, zan duba."

Ba ta duba komai ba, zuwa ta yi. Lahadi ta bi Lahadi, so ya kama su.

Da ta je gida hutun Ista ta gaya wa mahaifinta, Rocco.

"Me yake yi?"

"Karatun lauya, Baba. Jarrabawa ɗaya ta rage masa."

"Shekarunsa?"

"Ya kusa talatin."

Rocco ya ajiye cokali. "Annarita, wanda bai iya gama abin da ya fara ba, ba zan ba shi 'yata ba. Magana ta ƙare."

Gaskiya kuwa, shekara da shekaru Loris yana rajistar jarrabawar nan, ranar ta zo ya maƙale a bayan injin kofi. In ta tambaye shi sai ya mayar da abin wasa.

Ana cikin haka ta ci karo da wani hoto a wayarsa: ga shi a ƙolin hasumiya, hannunsa a kafaɗar wata mai jan baki. Shi da ya hana ta hawa! Ta koma Ferrara ta daina ɗaga wayarsa. Lahadi ta sake zama Lahadin da, ɗaki shiru, tukunyar mutum ɗaya a kan wuta, ita da kuka.

Bayan makonni dogon saƙo ya shigo:

"Zuciyata, hoton na shekarata ta farko ne. Denise sunanta. Ta ce min matsoraci, na hau don in burge ta. Ita ba ɗaliba ba ce, ba ta rasa komai ba, ta kuma yi gaba. Tun ranar, duk faɗuwar da na yi sai in ce hasumiya ce. Jarrabawar ƙarshen nan na yi ta faɗuwa har na daina zuwa. Babanki ya yi gaskiya. Ki nemi wanda zai gama."

A lokacin 'yan kwanaki suka rage ta kare kundin digirinta. Kada a ɗauka jaruma ce, a gidansu ko gishiri ya zube sai an yi addu'a. Amma da safe ta hau jirgi, ta wuce shagonsa ba ta leƙa ba, ta kama matakalar katakon hasumiyar.

Daga ƙoli ta tura masa hoto: "Sarkin tsoro, na hau. Yanzu mu biyu ne. In na faɗi, mu sayar da kofi tare. In na gama, hujjarka ta mutu."

A ƙofar hasumiya ta same shi yana haki.

"Kin haukace? Duk wahalar da kika sha!"

"Wahalata ce. A kanka na ɗora ta, sai ka san yadda za ka yi."

Ya buɗe baki, hawaye suka riga maganar.

Annarita ta gama, aka aza mata kambin ganye a ka, kamar yadda ake wa duk mai gama digiri. Rocco ya zo bikin, ko kallon Loris bai yi ba. Da kaka ta kama Loris ya shiga jarrabawa fuskarsa fara fat, ya fito da maki mafi ƙanƙanta da ake wucewa da shi. Ranar da ya kare nasa kundin ya kira Rocco a Potenza.

"Ranka ya daɗe, na gama."

"Da wane maki?"

"Na can ƙasa."

Sai Rocco ya ce:

"Gamawa na ce, ban ce maki ba. Ka zo da iyayenka."

A Potenza aka ɗaura auren, aka yi ta watsa musu shinkafa a ƙofar coci bisa al'ada. Farar alewar almon ake rabawa a aure, ja kuma ta gama karatu ce, amma a kowane ƙulli sai baƙi suka ga ja guda ɗaya a cikin fararen. Rocco ne ya saka su da hannunsa.

Ya miƙe, ya dafa kafaɗar ango.

"Jar ta wannan ce. Ya makara, amma ya iso. Allah Ya yi muku albarka, ɗana."

Loris ya sunkuyar da kai yana kuka kamar yaro, Annarita tana dariya tana share masa hawaye da gefen mayafin amarcinta.