Zoben da Ya Ƙi Fita

Maganar ta tashi ne daga wurin alwala na wani ƙaramin masallaci a unguwar Château Rouge, kafin la'asar har ta shiga shagon atamfa na Alhaji Bukari. Wai Salim, yaron nan ɗan Damagaram da ke neman auren 'yarsa Latifa, yana da mata Baturiya a Lyon.

Adoum ɗan mahaucin unguwa ne ya ga shaida da idonsa. Salim ya naɗe hannun riga zai yi alwala, sai ga zoben zinare a yatsansa na hagu, daidai inda Turawa ke sa na aure.

Babu wanda ya tuna cewa shi ma Adoum ya taɓa turo manyansa neman Latifa aka ba su haƙuri. Idan labari ya yi daɗi a baki, mutane ba su cika tambayar wa ya dafa shi ba.

Latifa tana bayan kantar shago tana ninke shadda ta ji wasu mata biyu suna yi ƙasa-ƙasa. Hannunta ya ci gaba da ninki, amma ta san ita ma ta ga wani abu. Ranar Juma'ar nan da Salim ya zo gaishe da mahaifinta, tun daga sallama har ban kwana hannunsa na hagu yana cikin aljihu. Da ta tambaye shi, sai ya ce sanyi yake ji. A watan Mayu.

A wani ɗan gidan silima kusa da jami'arta suka fara haɗuwa, cikin sanyin shekarar 2009. Ana nuna tsofaffin finafinai marasa launi, irin waɗanda aka ciro daga littattafan 'yan binciken Amurka, masu doguwar kwat da malafa da taba a baki, waɗanda ba su yarda da kowa ba. Latifa shari'a take karantawa, amma littattafan nan ta cinye su tun tana sakandare. Ta fito tana gyara mayafi, ta yi tsaki ita kaɗai.

"Sun ɓata littafin," ta ce da Hausa, tana zaton babu mai ji.

"Ba su ɓata shi ba," wata murya ta amsa a bayanta. "Surutu suka rage mishi."

Ta juya ta ga dogon saurayi baƙi, yana murmushi kamar mai ba da haƙuri. Daga ƙofar silima har bakin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, suna musu. Ta ce fim ba ya iya shiga zuciyar mutum yadda alƙalami ke shiga. Ya ce hannun mutum idan yana kunna ashana ya fi shafi goma faɗin abin da ke ransa. Harkar fim yake karantawa a Lyon. Tun daga ranar take kiransa Sufeto, shi kuma yana kiranta Alƙaliya, kuma har aka kai goron tambaya ba su gama wannan musu ba.

Da yamma Alhaji Bukari ya sallami masu sayayya, ya janyo ƙofar shago rabi.

"Kin ji abin da ake faɗi?"

"Na ji, Baba."

"Tun farko na ce miki mai aikin fim sana'arsa ke nan, ya nuna abin da babu. Kika ce wannan daban ne. Yaro ya tsaya gabana hannu a aljihu kamar ni ne na zo gaishe shi. Ashe abin da yake ɓoyewa ke nan." Ya gyara hularsa. "Ran Lahadi zan kira kawunsa in mayar musu da maganarsu."

Ta shiga ɗakin ajiye kaya, ta zauna kan dilar atamfa, ta rubuta mishi saƙo.

"Sufeto, tambaya guda. Mi ke hannunka na hagu?"

Ta daɗe tana kallon wayar kafin amsa ta shigo.

"Alƙaliyata, ki ba ni zuwa ƙarshen wata, zan gaya miki komai. Wallahi ba ni da kowa sai ke. Kar ki yi fushi da ni."

Da bai amsa ba ma da ya fi mata sauƙi. Ta karanta, ta sake karantawa. Bai ce babu zobe ba.

A littattafan da take so, mai bincike ba ya zama ya jira a kawo masa gaskiya gida. Da safe ta ce wa mahaifinta za ta Lyon, ya dube ta bai hana ba. A cikin jirgin ƙasa ta yi ta shirya kalmomin da za ta faɗa wa matar, sannan ta yi ta rushe su. Ta ƙera mata fuska a ranta: doguwa, mai gashi kamar zangarniyar alkama, irin matan da ke shigowa ofishin sufeto su lalata masa rayuwa. Ko ruwa ta kasa sha.

Daga tasha ta shiga metro, daga nan bas zuwa Vaulx-en-Velin a gefen gari. Salim ya taɓa gaya mata cewa a wata tsohuwar masaƙa da aka rufe suke aiki. Mai gadi ya ji ta ambaci sunan Salim, ya ɗora yatsa a leɓe, ya bar ta ta shige.

A tsakiyar ƙaton ɗakin an gina ofishi mai bango uku. Tebur, fanka, taga mai labulen katako da ke yayyanka haske, kwalba da ƙaramin kofi. Salim yana zaune a teburin cikin kwat mai ruwan toka. Wata Baturiya tana riƙe da hannunsa na hagu da hannayenta biyu.

Sai matar ta ɗago, Latifa ta ga furfura ce fal kanta, tabarau na reto a wuya, tana shafa wa hannun hoda.

Aka yi kiran a yi shiru. Kyamara ta sunkuyo kan tebur, ba ta ko kalli fuskarsa ba. Hannun ya ɗauki kwalba ya tsiyaya, ya kunna ashana, ya tsaya yana juya zoben da babban yatsa a hankali. A gefe, kan kujera, wani dattijo baƙar fata sanye da kwat iri ɗaya yana kallo, hannayensa suna rawa a kan gwiwa.

Latifa ta gane wurin. Ta karanta littafin da ake mayarwa fim ɗin. Matar sufeton ta mutu tun kafin shafin farko, shi kuma ya ƙi cire zoben.

Da aka tsayar da ɗauka Salim ya ɗago ya gan ta. Ya miƙe har kujera ta faɗi, hannun ya nufi aljihu.

"Fito da shi," ta ce. "Na riga na gani."

"Latifa, mi ya kawo ki?"

"An aura maka Baturiya a Château Rouge, na zo gaishe da uwargida."

Ya runtse ido. Ya ja ta gefe, muryarsa ƙasa.

"Wancan dattijon shi ne sufeton. Babban ɗan wasa ne, amma hannunsa ya fara rawa. Duk inda za a nuna hannu kusa, nawa ake ɗauka. Zafin fitilu ya kumbura mini yatsa, zoben ya maƙale. Na gwada sabulu, na gwada mai. Shi kaɗai gare su, Madam Claire, wadda kika gani tana shafa mini hoda, ta ce ba a yanke shi sai an gama."

"To mi ya hana ka faɗa mini?"

"Na ce miki ina aikin fim, na ga yadda idonki ya yi haske. Kin zata ni ke bayan kyamara." Ya dubi ƙasa. "Hannu ne ni kawai, Alƙaliya. Hannun ma mai zuba giya. Da wane baki zan faɗa wa Alhaji?"

Ta taka zuwa teburin, ta ɗauki kofin ta shinshina, ta kurɓa. Ta yamutsa fuska.

"Shayi ne."

"Na jiya ne ma," ya ce.

Dariya ta taso mata tare da hawaye, ta rasa wanda za ta bari ya fito. "Kunya ta kusa raba mu, Sufeto. Ran Lahadi Baba zai kira kawunka."

Fuskarsa ta sauya. Ita ce ta je ta sami Madam Claire, ta roƙe ta da Faransanci ta ara mata shi kwana ɗaya. Matar ta dube su ta saman tabarau ta ce ta yarda, amma hannun da zoben su dawo mata lafiya ran Litinin.

Ran Lahadi da hantsi Salim ya durƙusa a falon Alhaji Bukari, hannayensa biyu a buɗe kan gwiwa. Ya faɗi komai bai rage ba. Latifa tana bakin ƙofa.

"Labari ya tsaru," Alhaji ya ce. "Dama aikinku ne. To a ce ba aure ba ne. Namiji Musulmi da zinare a hannu, har cikin masallaci?"

"An ce mini ba zinare ba ne, Alhaji."

"An ce maka."

Wayar Alhaji tana kan hannun kujera, Latifa ba ta iya ɗauke ido daga kanta ba.

Can Alhaji ya ce, "Latifa, miƙo mini zaren can."

Ya kama hannun Salim ba da taushi ba, ya tura bakin zaren ƙarƙashin zoben, ya naɗe yatsan tam har gaɓa. Salim ya ciji leɓe. Alhaji ya fara warwarewa daga ƙasa, zoben yana tafiya kaɗan-kaɗan, ya tsaya a gaɓa, ya yi gardama, sannan ya faɗo kan darduma.

Inda ya zauna, fatar ta yi kore zagaye.

Alhaji ya ɗaga yatsan wajen hasken taga ya daɗe yana dubawa. Ya ɗauki zoben ya gwada nauyinsa a tafin hannu.

"Zinare ba ya barin wannan," ya ce, kamar da kansa yake. Bai saki hannun ba. "Giyar fa?"

"Shayi ne, Baba," Latifa ta ce. "Na ɗanɗana. Ko sukari babu."

"Shayi ba sukari." Ya girgiza kai. "Lalle yaro kana neman halali da wahala." Ya ɗora mishi zoben a tafi, ya rufe yatsunsa a kai. "Ka mayar musu da kayansu. Kawunka kuma zan kira shi, amma don mu sa rana. Gaba in ka zo gaishe ni, ko kunama ce a hannunka, ka fito da ita in gani."

Salim yana cikin jirgin komawa saƙonta ya same shi.

"Wannan karon ba su ɓata littafin ba. Amma har yanzu littafi ya fi."

"Na ɗaukaka ƙara, Alƙaliyata. Mu ci gaba da shari'ar a gidanmu har tsufa."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura auren a masallacin nan da maganar ta fara. Madam Claire ta zo daga Lyon, mata suka ɗaura mata kallabi ya karkace. Alhaji Bukari ya dafa kan 'yarsa, ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya tsare su daga bakin mutane, ya sa su riƙa tambayar juna kafin su yarda da na waje. Aka shafa.

Fim ɗin ya fito a shekarar da ta biyo, suka je ɗan gidan silimar nan suka gani. Duk lokacin da hannun ya bayyana, Latifa sai ta matse na gaskiyar da ke cikin nata.

A Château Rouge har yau akwai masu cewa sai da ya saki Baturiyar kafin aka ba shi 'yar Alhaji.

Zoben na tagulla ne. Madam Claire tana da miji da jikoki. Salim bai taɓa yin aure ba sai da Latifa.